Ledar maganin tsoho: wanne ke karo da wanne?

Admin
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Sanyin Jos ya kankama, kuma mun san abin da ke biyo baya: gwiwoyin iyayenmu su motsa, mura ta zagaye gida, kemis ya cika. Ga maudu'in wannan makon. Ku ɗauka dattijuwa ce mai shekara 78, nauyinta kilo 50, tana da hawan jini da suga da ciwon gwiwa. A ledarta akwai lisinopril 10mg, Moduretic, amlodipine 10mg, Daonil 5mg, metformin 500mg da Vasoprin (asfirin). Sai diclofenac da jikanta ya sayo mata, da Piriton saboda mura, da gorar jiƙo. Masana, ku zazzage mana ledar nan. Me za ku fara cirewa, kuma don me? A sauƙaƙa bayani don Allah, masu jinyar iyaye sun fi yawa a nan.

Likitan Ƙoda
Wa alaikumus salam. Diclofenac zan fara cirewa, saboda abokan zaman da ya tarar a ledar.

Aikin ƙoda tace jini ne, tacewar kuma sai da matsi. Kowace ƙaramar matata a cikin ƙoda tana da jijiyar da ke shigo da jini da wadda ke fitar da shi. Ku ɗauki tiyon ban-ruwa a lambu. Moduretic maganin fitsari ne, yana rage ruwan rijiyar. Diclofenac yana take tiyon daga baki, ruwan da ke shigowa ya ragu. Lisinopril kuma yana buɗe ƙarshen tiyon, ɗan matsin da ya rage ya zube. Ɗaya-ɗaya ƙoda za ta iya jurewa. Ukun nan a tare, a jikin mai shekara 78, in aka ƙara da zawon kwana biyu ko azumi, sai a wayi gari fitsari ya ragu, ƙafa ta kumbura, zuciya na tashi, ga barcin da ba a saba gani ba. Wasu daga nan sai wankin ƙoda.

Dangin diclofenac suna da yawa: ibuprofen, naproxen, indomethacin, meloxicam, da piroxicam da aka fi sani da Feldene. Cataflam ma diclofenac ne. A ɗaya ɓangaren, duk maganin da sunansa ya ƙare da "pril" ko "sartan" yana layin lisinopril.

Ɗan Lab
Dokta, ranka ya daɗe, a ba ni dama in sa lissafi a kai, domin a nan ake yawan ruɗuwa. A kawo sakamakon gwajin jini, kiriyatinin (dattin da ƙoda ke tacewa) 88, a ce "ƙodarta lafiya lau". Kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, tsohuwa mai kilo 50 kuwa ba ta da tsokar da za ta samar da shi da yawa. Lambar na iya yin kyau alhali tacewar ta yi ƙasa.

Ga yadda ake yi. A cire shekaru daga 140, a ninka da nauyi, a ninka da 1.04 in mace ce ko 1.23 in namiji ne, a raba da kiriyatinin. Na wannan baiwar Allah: 140 a cire 78 saura 62, sau 50 ya ba da 3100, sau 1.04 ya ba da 3224, a raba da 88, ya kama kusan 37. Matashi mai lafiya yana wajen 100. Wato ƙodarta na yin kamar kashi ɗaya cikin uku na aikin, ga kuma takarda ba ta ja jan layi ba. In takardarku da mg/dL aka rubuta, 1.0 shi ne 88.

Mai Kemis, Gangare
To mun ji. Amma ku faɗa mini abin da zan ba tsohuwar da ba ta iya durƙusawa ta yi sallah. In ka miƙa mata farasitamol ta ce ka raina ta. Kuma a daina ɗora mana komai, takardun asibiti nawa ne ke zuwa da diclofenac a rubuce, na wata guda cur?

Hajiya Famasis
Malam, maganarka ta biyu gaskiya ce, ba mai musu. Amma takarda ta zo da kuskure ba ta halatta maka ƙara wani a kai ba.

Abin da za a ba ta akwai. Na farko farasitamol, amma a sha shi yadda ya dace. Yawancin masu cewa ba ya aiki ƙwaya ɗaya suke sha in ciwon ya kai maƙura. A gwada shi a kan lokaci, safe, rana, dare, na mako guda, sannan a yi hukunci. Babba mai ƙarfi iyakarsa giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 ta 500mg. Tsohuwa mai kilo 50, ko mai ciwon hanta, ko wadda ba ta cin abinci sosai, kada ta wuce 6. A kuma lissafa da wanda ke ɓoye a cikin Procold, Mixagrip, Panadol Extra da Ibucap, domin duk suna ɗauke da shi. Ibucap ma har da ibuprofen a ciki, kun ga an dawo gidan jiya.

Na biyu diclofenac na shafawa. Kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, kuma gwiwa da yatsu suna karɓarsa. A shafa sau uku a yini, ban da fatar da ta yi rauni. Sai gashi da ruwan ɗumi, safa da rufe gwiwa da sanyin asuba, sandar dogarawa a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo, da sallah a kan kujera in ta kama. In duk an yi bai isa ba, akwai allurar da likitan ƙashi ke yi a cikin gwiwar.

Abin da na fi jin tsoro shi ne "haɗi", ƙwayoyi biyar ko shida a ƙulle a leda ba suna. Sau da yawa akwai piroxicam da diclofenac tare, ga dexamethasone ko prednisolone, wato sitiroyid. Tsoho ya sha ya miƙe garau, ya ce an dace. Bayan watanni fuska ta yi fam, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi laushi, gyambon ciki ya fashe. Ga Vasoprin a ledar, ga Alabukun da wasu ke kaɗawa da safe, wanda shi ma asfirin ne da kafeyin. Bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi da wari na daban jini ne, asibiti za a nufa a ranar.

Mai Kemis, Gangare
Na shafawar na karɓa. Haɗi kuwa, masu yawo da kwali a tasha su ne gwanayensa.

Sista Nas
Ni kuma Daonil ne ya tsone mini ido. Ɗan Lab ya ce tacewarta 37. Glibenclamide, wato Daonil ɗin nan na suga, yana daɗewa a jiki, kuma ƙoda ce ke fitar da ragowarsa mai aiki. Ƙoda ta yi rauni, magani ya taru. Ranar da ta sha ƙwayar ta ce ba ta jin cin tuwo, da tsakar dare suga ya faɗi.

A jikin tsoho faɗuwar suga ba lallai ta zo da rawar jiki ba. Sai dai a ga tana surutai, ko ta yi shiru tana kallon wuri ɗaya, ko baki ya karkace kamar shanyewar ɓarin jiki, ko gumi ya jiƙa zani ana tsananin sanyi. In tana shan atenolol ko propranolol na zuciya da hawan jini, bugun zuciyar da ke gargaɗi ma ba za ta ji ba, gumin ne kawai zai nuna. Gida ya ɗauka iska ce, a tsaya hayaƙi da tofi. A yi addu'a, amma a soki yatsa tukuna.

Ƙasa da 70 a na'ura, ko 3.9 in da ɗaya ma'aunin take aiki: in tana iya haɗiya, a dama sukari cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa, ko a ba ta rabin kofin lemon kwalba mai sukari. A jira minti 15 a sake gwadawa. In bai hau ba a maimaita. In ya hau a ba ta abinci mai nauyi. In ba ta cikin hayyacinta kada a ɗura mata komai, zai wuce huhu. A kwantar da ita a gefe ɗaya, a tafi asibiti. Kuma ko ta farfaɗo a gida a kai ta, domin na Daonil yana dawowa bayan 'yan awoyi, wani lokaci har washegari.

Likitan Iyali
Sista ta gama magana. Glibenclamide yana cikin jerin magungunan da ake gujewa ga tsofaffi, jerin da Dokta Mark Beers ya fara fitarwa a Amurka a 1991, aka sabunta shi a 2023. In dole sai an ba da danginsa, gliclazide ya fi sauƙi, a fara da kaɗan. Metformin ɗinta zai iya zama, amma tsakanin 30 da 45 kada ya wuce 1000mg a yini, ƙasa da 30 a ajiye shi.

Ina kuma roƙon 'ya'ya su daina neman sugan mahaifiyarsu ya zama na ɗan shekara 30. Ga tsohuwa mai rauni, HbA1c (gwajin matsakaicin suga na 'yan watanni) wajen 8 ya wadatar. Faɗuwar suga ɗaya da ta kayar da ita a banɗaki ta karya ƙugu ta fi ɗan hawan illa.

Abubuwan da ke ƙara wa Daonil ƙarfi har ya kayar da mutum: Septrin, ciprofloxacin, clarithromycin, fluconazole, da kwinin.

'Yar Rikkos
Don Allah likitoci, mai irin wannan ledar za ta iya azumi? Iyayenmu ba sa yarda a ce su sha.

Likitan Iyali
Ƙanwata, wannan dai da muke magana a kanta, da ƙoda 37 da Daonil da maganin fitsari, tana cikin waɗanda ake ba shawarar su ciyar. In ta dage, a kai ta wurin likita tun saura mako 6 zuwa 8, a sauya magungunan da lokutansu. Ba a shan Daonil cikakke da sahur. A riƙa gwada suga da hantsi, da azahar, da la'asar, kuma sukar yatsa ba ta karya azumi. Ƙasa da 70 ko sama da 300, ko jiri da ruɗewa, a sha ruwa ko da saura minti goma a kira sallah. A samu malamin da take jin maganarsa ya faɗa mata da bakinsa, ya fi takardar likita tasiri.

Likitan Ƙoda
Mu koma kan Moduretic, domin an wuce shi da sauri. Magani biyu ne a ƙwaya ɗaya: hydrochlorothiazide 50mg da amiloride 5mg. Amiloride yana riƙe fotasiyam, wani gishirin jini, a jiki. Lisinopril ma haka. Diclofenac ma haka. Ƙoda mai rauni ma haka. Fotasiyam lafiyayye 3.5 zuwa 5.0 ne. In ya haura 5.5 a kira likita, in ya kai 6 gaggawa ce, domin zuciya yake tsayarwa, kuma sau da yawa ba alama sai kasala.

Sai ta kamu da ciwon sanyi na fitsari a ba ta Septrin. Trimethoprim da ke cikinsa irin aikin amiloride yake yi a ƙoda. Mai shan lisinopril ko losartan ko spironolactone, a nema masa wani maganin.

Shi kuma hydrochlorothiazide 50mg ya yi wa tsohuwa yawa, yanzu 12.5 zuwa 25 ake bayarwa. Yana zubar da sodiyam, kuma tsofaffin mata marasa jiki su ya fi kamawa. Sodiyam ya sauka ƙasa da 135 sosai, sai ruɗewa da tangaɗi da faɗuwa. Ƙa'ida: duk wanda aka fara wa waɗannan magunguna ko aka ƙara masa, a yi gwajin ƙoda da gishirin jini bayan mako 1 zuwa 2. Gwajin bai kai kuɗin zama ɗaya na wankin ƙoda ba, ko kusa.

Mai Kemis, Gangare
Ke nan kunun kanwa ma a bari, tunda fotash ce?

Hajiya Famasis
A'a Malam, kanwar da muke ci yawancinta sodiyam ce, matsalarta hawan jini da tara ruwa, kamar gishiri da dunƙulen miya. Mai fotasiyam shi ne gishirin nan da ake sayarwa a manyan kantuna wai na masu hawan jini. 'Ya'ya su sayo da kyakkyawar niyya, alhali ga mai lisinopril da raunin ƙoda haɗari ne. Sai abincinmu na Filato: dankalin Turawa, tumatir, ayaba, fiya, ga dabino da azumi. Mai lafiyar ƙoda ya ci abinsa. Wanda gwaji ya nuna fotasiyam ɗinsa na hawa, a fere dankalin, a yanka ƙanana, a tafasa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan.

Sista Nas
Ba wanda ya taɓa Piriton, ga shi ƙarami kamar ba komai. Shi da Phenergan, Buscopan, amitriptyline, Artane da oxybutynin duk suna toshe sinadari guda da ƙwaƙwalwa da mafitsara da hanji ke aiki da shi. Baki ya bushe, bayan gida ya yi tauri, ido ya yi dishi-dishi, tunani ya rikice. Tsoho mai kumburin furostet ya sha maganin mura da dare, da safe fitsari ya ƙi fita, sai an sa roba. Maganin buɗe hanci da ke cikin na mura shi ma yana ƙara riƙe fitsarin, yana kuma ɗaga jini.

Abin lura ga masu jinya: gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Wanda jiya lafiya lau, yau bai gane jikansa ba, a fara tambayar wane sabon magani ya shiga cikin makon nan, sannan a duba suga, fitsari, zazzaɓi da gishirin jini.

Na barci kuma, diazepam da Lexotan, a jikin tsoho suna kwana su wuni. Ya tashi alwalar asuba a duhu, siminti da ruwa, sai faɗuwa. In an haɗa da tramadol ko kodin numfashi ma na iya yin ƙasa. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma tramadol na nan, kuma in ya haɗu da amitriptyline ko fluoxetine yana kawo rawar jiki, zazzaɓi, har farfaɗiya.

Likitan Iyali
Ga abin da nake so kowa ya riƙe: yadda leda ke cika. An ba da amlodipine 10mg, ƙafa ta kumbura, wanda sananniyar illarsa ce. Wani likitan da bai ga ledar ba ya rubuta Lasix, maganin fitsari. Kumburin bai sauka ba domin ba ruwa ne ya yi yawa a jiki ba, amma ga yawan fitsari, ga jiri, ga fotasiyam ya zube, a ƙara Slow-K mai mayar da shi. Fitsari ya fara kufcewa, a ƙara oxybutynin. Ruɗewa ta zo, a ƙara na kwantar da hankali. Ƙwaya huɗu sun shigo, alhali rage amlodipine zuwa 5mg ko sauya shi ne maganin.

Haka lisinopril ke sa busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, a yi ta shan maganin tari da na kashe ƙwayoyin cuta har a je gwajin tibi, alhali losartan za a koma. Haka metoclopramide na amai ke sa rawar hannu da taurin jiki a ce ciwon tsufa ne. Haka diclofenac ke ɗaga jini a ƙara na hawan jini. Duk sabon ciwo a jikin tsoho, a fara zargin magani.

Gwajin jiri kuma kowa zai iya a gida in akwai na'ura. Ta kwanta minti 5 a auna. Ta miƙe, a auna bayan minti 1, a sake bayan minti 3. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, a kai wa likita lambobin. Lasix da safe ake sha, in sau biyu ne na biyun kada ya wuce la'asar.

'Yar Rikkos
Masu shan warfarin na tsinka jini fa? An ce kada su ci ganye ko kaɗan. A garin da kabeji da latas ke zube a Farin Gada!

Hajiya Famasis
Ba haka ba ne, 'yar uwa. Bitamin K da ke cikin alayyahu, zogale, ugu, kabeji da latas yana rage ƙarfin warfarin, amma ba a ce a daina ba. A ci daidai gwargwado kowane mako, likita ya daidaita ƙwayar a kan haka. Matsala ita ce a yi wata ba ganye, sai a wayi gari ana kwaɗon zogale kullum.

Haɗarin gaske daga magunguna yake. Flagyl, Septrin, fluconazole, ciprofloxacin da amiodarone suna ƙara masa ƙarfi. INR, wato gwajin tsinkewar jini, da ake so ga yawancin mutane 2 zuwa 3 ne, Flagyl na kwana biyar na iya ninka shi. In dole a sha, a gwada INR cikin kwana 3 zuwa 5. Rifampicin na tibi kuwa akasin haka yake yi, yana kashe ƙarfin warfarin, har da na amlodipine da nifedipine. Alamun da ba a jira: haɓo da ya ƙi tsayawa, dasashi na jini, fitsari ja, tabo baƙi-baƙi a fata, ko ciwon kai mai tsanani bayan an bugu, ko da bugun bai taka kara ya karya ba.

Mai Nazarin Tsirrai
Ina ta jira a zo kan gorar jiƙon, na san za a yi mata taron dangi. A yi adalci. Zoɓo yana ɗan sauke jini, shuwaka da zogale abinci ne, tafarnuwa da citta a miya ba su kashe kowa ba. In kuka ce wa tsoho ya bar komai na gargajiya, ɓoye muku zai yi, ya ci gaba da sha.

Likitan Ƙoda
Malam, ba mu saɓa a kan miya ba. Gorar da ba a san abin da ke ciki ba, ba a san yawansa ba, ita ce maganata, kuma ƙoda 37 ba ta da rarar gwaji. Kai ma ka ce zoɓo na sauke jini. To mai shan magani uku na hawan jini ya ƙara da jug guda kullum, ina za a tsaya?

Mai Nazarin Tsirrai
Kofi ɗaya da abinci daban, jug daban, na yarda. Inda zan fi ku zafi ma shi ne kayan da ake sayarwa a kwalba da sunan gargajiya alhali an zuba na bature a ciki. An sha samun sildenafil a magungunan ƙarfin maza, da sitiroyid a na sanyin ƙashi. Dattijo mai ciwon zuciya da ke shan isosorbide ko mai sa ƙwaya a ƙarƙashin harshe, in ya haɗa da sildenafil jini na iya faɗuwa warwas. Tsakaninsu aƙalla awa 24, tadalafil kuma 48, kuma gaskiya mai shan waɗannan kullum ba nasa ba ne sam. Wannan tambaya ce da ɗa ba zai iya yi wa mahaifinsa ba, sai likita ya fitar da kowa daga ɗaki ya yi ta. Lambar NAFDAC ma a duba ta, duk da cewa lamba ba ta nufin ba zai yi karo da wani maganin ba.

Hajiya Famasis
Wasu ba sai an cire su ba, raba musu lokaci kawai za a yi. Ciprofloxacin ba ya shiga jini in ya haɗu da madara, fura da nono, Gestid, maganin ƙarin jini ko kalsiyam. A sha shi awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Dolutegravir na masu ƙanjamau ma haka yake da kalsiyam da na ƙarin jini, kuma yana ƙara yawan metformin a jini. Levothyroxine na ciwon thyroid (ƙululun wuya) da ruwa zalla, rabin awa zuwa awa guda kafin karin kumallo, awa 4 tsakaninsa da na ƙarin jini. Coartem kuwa shi yana son madara ko abinci mai maiƙo.

Simvastatin na rage kitsen jini in yana tare da amlodipine kada ya wuce 20mg, kuma ba ya haɗuwa da clarithromycin ko erythromycin. Ciwon tsoka da fitsari mai launin baƙin shayi, a tsaya a je asibiti. Ƙwayar da aka rubuta wa SR, XL, MR ko Retard ba a daka ta ba a tauna ta, domin maganin yini guda zai shiga lokaci ɗaya. In haɗiya na wahala a tambayi famasis wanda za a iya dakawa.

'Yar Rikkos
Jikina ya yi sanyi. In je in kwashe na Baba in zubar ke nan?

Likitan Iyali
A'a, kada ki yi. Abin da za ki iya ajiyewa yau da kanki: dangin diclofenac da aka sayo ba takarda, maganin mura, da gorar da ba a san cikinta ba. Akwai waɗanda yanke su lokaci ɗaya ya fi ci gaba da su haɗari: atenolol da propranolol, prednisolone ko dexamethasone da aka sha sama da mako 3, diazepam da Lexotan, maganin farfaɗiya, warfarin, da clopidogrel na tsinka jini ga wanda aka yi wa aikin jijiyar zuciya. Haɗin da ya daɗe yana sha ma yana iya shiga nan saboda sitiroyid, a kai samfurinsa a nuna.

Banda ɗaya: ranar amai da gudawa, ko ya kasa ci da sha, a dakatar da lisinopril ko losartan, maganin fitsari da metformin, Daonil ma in ba ya cin abinci. A ba shi ruwan gishiri da sukari, a kira likita. A koma musu bayan ya yi kwana ɗaya zuwa biyu yana ci yana sha. Insulin ba a yanke shi, sai dai a gwada suga a daidaita.

Sista Nas
Ga aikin da za ki yi. Ki tattaro komai a leda ɗaya: na ƙarƙashin filo, na aljihun babbar riga, na tsarabar Hajji, na wanda 'ya'ya suka aiko daga Ingila, na ɗigawa a ido, na shafawa, har gorar. Ki karanta ƙaramin sunan da ke ƙasan babban suna, a nan ake kama maimaici: Norvasc da amlodipine abu ɗaya ne, Glucophage da metformin, Zestril da lisinopril, Lasix da furosemide. Tsofaffi da launi suke gane magani, in kamfani ya sauya sai su sha tsohon da sabon tare.

Ki rubuta takarda ɗaya, da boko ko ajami, wanda ya fi karantawa: suna, ƙarfi, lokaci, dalili, da wanda ya rubuta. Lokacin a ɗaura shi da sallah, bayan asuba, bayan magariba, ya fi "sau biyu a rana" zama a kai. Ki ɗauki hotonta a waya. Ko JUTH za a je a Lamingo, ko Jankwano, ko wurin likitan ido, ledar da takardar su bi shi, kuma ki ce a duba su gaba ɗaya. Mutum ɗaya a gida ya riƙe ba da magani, da akwatin nan mai gida bakwai. In an manta ƙwaya ba a ninkawa.

Likitan Ƙoda
Sista, madalla da kika ambaci na ido. Timolol na hawan jinin ido yana bin hanci ya shiga jini, ya rage bugun zuciya, ya tayar da asma, balle in akwai atenolol a ledar. Bayan an ɗiga a rufe idon, a danne lungun da ke kusa da hanci da yatsa minti 2.

Mai Kemis, Gangare
Saura Vasoprin. Kusan kowane tsoho da ke zuwa wurina yana sha, wai don jini ya tsinke. A bar mata ko a cire?

Likitan Iyali
Ya danganta da dalilin da aka fara shi. In ta taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki irin ta toshewar jijiya, ko an yi mata aikin jijiya, ta ci gaba, a haɗa mata da mai kare ciki. In kuma clopidogrel take sha, pantoprazole ya fi omeprazole dacewa, domin omeprazole na rage masa ƙarfi. In ba ta taɓa samun ko ɗaya ba, hawan jini da suga ne kawai, a shekara 78 zubar jinin da zai jawo ta fi amfaninsa. Admin bai faɗa mana tarihinta ba, don haka sai an buɗe katinta na asibiti an ga wanda ya fara rubuta shi da abin da ya gani a ranar.

Admin
Ba ta taɓa samun ko ɗaya ba, Dokta.

Likitan Iyali
To a kai wa likitanta maganar a zuwa na gaba, tare da ta Daonil da Moduretic, kuma a je da sabon sakamakon gwajin ƙoda da fotasiyam a hannu.